Matoshin Jirgin Kaka

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda malamanmu suka sha wahalar cusa mini a ka, amma Asabar ɗin da muka je sayo wa Kaka jirgin ruwa ba ta cikin waɗanda zan taɓa mantawa, ko da na tsufa haƙora sun zube. Ko na so in manta ma, 'yan gidanmu ba za su bari ba.

Bari in fara gaya muku irin yarinyar da nake. Ni ce wadda in malami ya yi tambaya a aji na san amsar, sai in sunkuyar da kai in shiga addu'ar kada ya kira ni. In baƙi suka zo gidanmu, bayan labule nake gaishe su. Amma idona ba ya hutawa. Na san wace malama ce ke ɗingishi kaɗan in ta sa sabon takalmi, na san maɓallin rigar Baba da aka ɗinke da zaren da bai dace ba. Sannan ina da wata ɗabi'a da Mama ta yi faɗa har ta gaji: tsince-tsince. Maɓalli, dutse mai sheƙi, karyayyen makulli, duk abin da na gani a ƙasa yana ƙyalli sai ya kwana a aljihuna, daga nan ya wuce wani gwangwanin madara da nake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.)

Kaka, mahaifin Baba, masunci ne. Yana zaune a wani ɗan ƙauye bayan Paikon Kore, a bakin kogi, tun kafin Abuja ta zama Abuja. Baba ya yi lallashi har ya gaji a kan ya dawo wurinmu cikin gari. Sau ɗaya ya yarda ya zo, ya yi 'yan kwanaki a zaune bakin taga yana kallon tankin ruwan maƙwabta kamar wanda aka yi wa rasuwa, sannan wata safiya ya naɗe tabarmarsa ya ce a kai shi tasha.

Matsalar ita ce kwale-kwalensa. Ya girmi Baba. An yi masa faci da kwalta, an yi da gwangwani, an yi da tsumma, har facin ya fi katakon yawa. Da na je hutu na shiga tare da shi, ruwa yana taruwa a ciki har idon sawu, shi kuwa yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana kwashe ruwan da wata tsohuwar ƙwarya da aka ɗinke tsagarta. Na lura da ƙafafunsa. Sun yi fari fat saboda jiƙa, tsakanin yatsun duk ya tsattsage. Da ya ga ina kallo sai ya ja bakin wandonsa ya ce, "Amarya, ba a ƙare wa miji kallo haka." (Haka yake kirana, ni kuma in ce na fasa auren sai ya sayi haƙora.)

A daminar da ta wuce kwale-kwalen ya kusa nutsewa da shi a tsakiyar kogi. Shi bai faɗa ba, wani maƙwabcinsa ne ya zo har ofis ya gaya wa Baba. Tun daga ranar Baba ya rage magana a gida. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka biya su ariyas, wato cikon kuɗin watannin baya da suke bi, abokan aikinsa kowa ya ruga sayen wayar hannu, wasu suka canja mota, shi kuwa ya sa nasa a ambulan ya kulle a durowa. Ya ga wani ƙaramin jirgi a wani fili da ake sayar da jiragen ruwa a kan hanyar Dei-Dei, irin na zamani da ake kira faiba, ba ya ruɓewa, ba ya yoyo, kuma ba shi da nauyin da zai gagari tsoho ja zuwa gaɓa. Sai dai farashin da aka manna a jikinsa ya fi abin da ke cikin ambulan ɗin, da tazara mai kyau. Ga shi hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsun Mpape duk yamma. In kogi ya cika kafin a sami jirgi, Kaka da tsohon kwale-kwalensa zai shiga, kowa ya san haka.

Baba bai iya ciniki ba. Mutum ne da in mai tumatir ta faɗi kuɗi sai ya biya har ya yi godiya. Shi ya sa ya nemi yayansa, Baffa Sale, dillalin shanu a kasuwar Dei-Dei, mutumin da ake cewa yana iya sa mai saniya ya ba shi haƙuri a kan ya kawo ta kasuwa.

Baffa ne ya ce a tafi da ni.

"Uwata za ta yi mana amfani," in ji shi. (Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka shi da Baba ba sa kiran sunana.) "Yarinyar da ta hango an canja wa butar alwalata murfi, ai ba a barin ta a gida ranar ciniki."

A cikin mota ya yi mana karatu, yana zaune a gaba ya juyo rabin jikinsa baya.

"Kai ɗan boko, in mun isa ka rufe bakinka. Kada ka yi murmushi. Kada ka shafa jirgin. Kada ka ce na wane ne, kada ka ce ana sauri. Mai kaya in ya ji ƙamshin so a jikinka, ka gama yawo."

"To, Yaya."

"Ke kuma Uwata, aikinki kushe. Ki zagaya ki nemo mini aibu, ko ƙanƙani ne. Kowane kaya yana da aibu, ko sa ne ko jirgi. Ki raɗa mini a kunne, ni na san yadda zan hura shi ya zama babba. In na ce mu tafi, mu tafi. Ba waiwaye. Wanda ya waiwaya shi ya biya kuɗin da aka rubuta."

Na gyaɗa kai. A raina kuwa wani irin daɗi nake ji. Ni da ko aike ba a cika ba ni ba saboda ba na iya buɗe baki a shago, yau ga ni cikin tawagar ciniki.

Filin yana da shingen waya, an zuba tsakuwa a ƙasa. Manyan jirage farare ƙal suna jere a kan tireloli, irin waɗanda 'yan kwangila ke saya su je shan iska a tafki ranar Lahadi. Namu yana can kusurwa, ɗan shuɗi, an ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi. Ina ganinsa na ji ina son sa, sai na tuna an hana, na ɗaure fuska.

Mai wurin ya fito daga wata kwantena da aka mayar ofis. Sunansa Oga Ebi, mutumin kudu ne daga can bakin teku, gajere mai faɗin ƙirji, da takalmi baƙi mai sheƙi da wayar hannu a maƙale a bel. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Suna cikin gaisawa da su Baffa ni kuma na ja baya kamar yadda na saba, sai na hango wani abu yana ƙyalli a cikin tsakuwa, kusa da tayar da jirgin ke kai. Ɗan guntun tagulla ne mai nauyi, mai zare-zare kamar noti, da baƙar roba zagaye da wuyansa. Na ce a raina daga jikin wata babbar mota ya faɗo. Ban taɓa samun abu mai kyansa ba. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya gama aikinsa.

Aka fara ciniki. Baffa ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa gefensa da bayan yatsa, yana taɓe baki. Ya dafa bayansa ya danna, kamar yadda yake gwada ƙibar sa. (Na tabbata da jirgin yana da baki da ya buɗe ya duba haƙora.)

"Wannan abin wasan yara ne ko na shiga ruwa?"

"Alhaji, wannan jirgi zai kai ka har Lakwaja ya dawo da kai," in ji Oga Ebi.

"Ni me zan je yi Lakwaja? Nawa?"

"Farashi yana nan a jiki. Na rubuta shi da babban baƙi saboda masu gilashi."

"Wannan ai na 'yan kwangila ne. Ni na tambaye ka na mutane."

Baffa ya taya, ƙasa sosai, har na ga Baba ya kalli takalminsa. Oga Ebi ya yi dariya ya dafa ƙirji ya ce, "Albarka," da irin muryar 'yan kasuwar Kano, har Baffa ya ɗan kalle shi da girmamawa. Baffa ya ƙara kaɗan. Albarka. Oga Ebi ya sauko kaɗan, ɗan kaɗan ɗin da ba ya kashe ƙishi. Suka tsaya a nan, kowa ya kafe, tsakaninsu da abin da ke cikin ambulan ɗin Baba akwai sauran tafiya.

Sai Baffa ya gyara zaman hularsa ya kalle ni. Lokacina ya yi.

Na zagaya. Na ga wani ɗan zane fari a gefe, na je na raɗa wa Baffa. Ya ɗaga murya, "To ga shi ma an kankare shi!" Oga Ebi ya lashi babban yatsansa ya goge wurin, zanen ya tafi. Kashin tsuntsu ne. Baffa ya harare ni kaɗan. Na koma na duba kujerun, lafiya lau. Na duba ƙasan, sumul. Sai na ga Baba yana ta taɓa aljihun da ambulan ɗin yake, yana kallon sama inda gajimare ke taruwa.

Na durƙusa a bayan jirgin, can ƙasa inda ba wanda ya duba. Sai na gan ta.

Huda. Zagayayya, ta ratsa daga waje har ciki, ina hango hasken rana ta cikinta. Na sa yatsa, ya shige.

An ce in yi raɗa. Wallahi na san an ce in yi raɗa. Amma ni da na ga ruwa yana shiga kwale-kwalen Kaka ta tsagar da ba ta kai wannan ba, ban san lokacin da na miƙe ba. Muryar da ban taɓa sanin ina da ita ba ta fito, har masu wanke manyan jirage a ɗaya ƙarshen filin suka juyo.

"Baffa! A huje yake! Jirgin a huje yake, wallahi! Za a sayar mana da hujajjen jirgi!"

Baffa ya iso da sauri, babbar riga tana jan tsakuwa. Ya leƙa, ya sa yatsa, ya miƙe a hankali da fuskar wanda aka yi wa bushara.

"La'ilaha illallahu. Oga, kashe mu za ka yi?"

Oga Ebi ya zo ya leƙa. Sai ya fara dariya. Ya yi dariya har ya dafa jirgin, har wayar da ke bel ɗinsa tana rawa. Ma'aikatansa suka taso, da suka ga abin da ake nunawa su ma suka kama.

"Alhaji, wannan ba ɓarna ba ne. Haka kamfani ya yi shi. In ruwa ya shiga, ka ja jirgi waje, ka buɗe nan, ruwa ya fita da kansa. Duk jirgi a nan yana da shi. Akwai matoshi, ana ɗaura shi kamar noti. Mun cire ne saboda ruwan sama." Ya share hawaye ya nuna ni. "Amma wannan yarinya yana da ido. Da murya!"

Na ji kamar in shige cikin hudar. Na koma bayan Baba na ja hijabina har goshi. Na ɗauka kunyar ranar ta ƙare ke nan. (Ashe wannan ɗanɗano ne, ba a ma sauke tukunyar ba.)

Baffa bai ji kunya ba ko kaɗan, dillali ne. Ya ce, "To ina matoshin? A kawo mu gani."

Oga Ebi ya sa hannu a gefen jirgin inda ya ce ana ajiyewa. Babu. Ya duba ƙarƙashin kujera. Babu. Ya kira wani ma'aikacinsa, ya ce shi a nan ya ajiye da safe. Aka ɗaga tayoyi, aka tona tsakuwa, aka zazzage durowar ofis. Aka kwanto na wani babban jirgi aka gwada, ya yi girma. Dariyar Oga Ebi ta ɗauke. Ya ce irin wannan ƙaramin sai an aiko daga Legas, kuma zai ɗau lokaci.

Baffa ya gyara tsayuwa, ya ƙara tsawo a idona.

"Oga, mu yi maganar gaskiya. Jirgi mai huda ba matoshi, ai kwando ne. Wa zai saya? Ni zan taimake ka in ɗauke maka shi haka, mu je mu sassaƙa itace mu toshe. Amma ba a wancan kuɗin ba."

Farashi ya fara gangarowa. Ya wuce inda aka kafe ɗazu, ya zo daidai ambulan ɗin Baba, ya ma gota ƙasa. Na ji Baba ya saki numfashi. Ni kuwa ina bayansa, hannuna cikin aljihu, ina murza tsintuwata don in sami natsuwa, kamar yadda nake yi kullum in kunya ta kama ni.

"Ku sake dubawa," Oga Ebi ya ce wa mutanensa. "Ƙaramin abu ne, tagulla, yana da baƙin roba a wuya."

Yatsana yana kan robar a daidai lokacin.

Ku duba fa. Ni mai ido, ni da aka ɗauko musamman saboda lura, na ga huda mai zare, ina da abu mai zare a aljihu, kuma ban haɗa su ba sai da aka yi mini kwatance kamar 'yar aji ɗaya.

Da ni jaruma ce, da na fito na ce ga shi, ku yi haƙuri. Ni ba jaruma ba ce. Dabarar da ta zo mini ita ce in sake shi a ɓoye cikin tsakuwa, wani ya tsinta, a ce dama can yana nan. Na matsa kusa da jirgin a hankali, na fito da hannu ta ƙarƙashin hijabi, idona yana kan Baffa wanda ya riga ya kama hannun Oga Ebi yana cewa, "Ka sallama kawai, ka sallama." Ban kalli inda hannuna yake ba. Na saki.

Bai faɗa cikin tsakuwa ba. Cikin jirgin ya faɗa.

Ban san ko kun taɓa jin ƙarar tagulla a kan faiba ba. Kamar an buga ganga ne a masallaci. Ya yi tsalle, ya sake bugawa, sannan ya gangara a hankali, gararar, tun daga tsakiyar jirgin har baya, ya je ya tsaya a bakin hudarsa kamar ɗan da ya dawo gida. Hannuna kuwa yana nan a miƙe a sama da jirgin, yatsu a buɗe.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Oga Ebi ya zare hannunsa daga na Baffa. Ya ɗauki matoshin ya juya shi, ya kalle ni, ya kalli Baffa.

"Alhaji," ya ce a hankali, "haka kuke yi a Dei-Dei? Ka ba yaro ya ɓoye, sannan ya yi ihu?"

Ban taɓa ganin Baffa ya ji kunya ba sai ranar. Mutumin da duk kasuwa ke ba shi amanar shanu ba tare da shaida ba. Baba ne ya yi magana, karo na farko tun isowarmu.

"Ka yi haƙuri, Oga. Yaya, mu tafi."

Wannan tafiyar ba ta dabara ba ce. Ba wanda ke jiran a kira shi. Suna gaba ina biye, ina kallon bayan wuyan Baba, ina jin tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin takalmanmu. Iska mai ƙamshin ruwa ta taso ta kaɗa rigar Baffa. Sai ƙafafun Kaka suka faɗo mini a rai.

An ce ba waiwaye. Ni ban tsaya a waiwaye ba, komawa na yi gaba ɗaya, da gudu, ina kuka irin mai majina.

Na tsaya a gaban Oga Ebi na zazzage komai. Na ce su ba su sani ba, ni na tsinta tun da muka shigo, na ɗauka na mota ne, ina da gwangwani a gida cike da irinsu, in bai yarda ba a je a tambayi Mama. Na ce jirgin na kakana ne. Na ce kwale-kwalensa ya kusa nutsewa bara. Na ce sauri muke kafin kogi ya cika. Na ce Baba kullum sai ya rage gudu in ya zo wucewa ta nan don ya ga ko an sayar. Na faɗi abin da ke cikin ambulan ɗin, daidai, har da cewa babu wani a bayansa. Duk abin da Baffa ya hana a mota, ban bar ko ɗaya ba. Na jiyo shi daga bakin ƙofa yana cewa, "Inna lillahi, ta gama da mu."

Oga Ebi ya bar ni har na ƙare. Sannan ya durƙusa daidai tsayina, takalminsa mai sheƙi yana nutsewa cikin tsakuwa.

"Kakanka, da me yake kwashe ruwa?"

"Da ƙwarya," na ce ina jan hanci. "Ta tsage ma, an ɗinke."

"Ƙafarsa ya yi fari? Nan tsakanin yatsa ya fashe?"

Na gyaɗa kai. Ban san yadda aka yi ya sani ba.

"Mamana da gwangwanin man gyaɗa take yi," in ji shi. Ya juya matoshin a tafin hannunsa. Sai ya miƙe ya ɗaga murya. "Alhaji! Ku dawo. Yarinya ya fi ku iya magana."

Kada ku ɗauka kyauta ya ba mu. Ɗan kasuwa ne. Ya ce farashin kwando ya wuce tunda matoshi ya dawo. Ya rage daga abin da ya rubuta, ragi mai kyau wanda ya ƙi yi ɗazu, amma ya tsaya cak a kan adadin da na faɗa masa, bai bar wa Baba ko na sayen ruwan leda ba. Baffa ya yi ƙoƙarin ya ce wani abu, Oga Ebi ya nuna ni ya ce, "Akawunku ya riga ya faɗa." Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya miƙa ambulan ɗin. Sannan, tunda komai ya riga ya lalace, ya je ya shafa jirgin da tafin hannu tun daga gaba har baya.

Kuɗin ɗauka babu. Baffa ne ya samo motar shanu da ta sauke kaya a Dei-Dei, ya biya daga aljihunsa yana mita. "Da ba don Uwata ba da yanzu har da canjin mai. Na kawo mutum ya sauko har ƙasa, ta zo ta ɗaga shi." Amma a hanya ya tsaya ya sayo mini tsire, ya miƙo ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, "Ci. Kuka yana sa yunwa."

Haka sabon jirgi ya isa ƙauye da la'asar yana warin kashin shanu. Kaka ya fito ya tsaya. Ya kalli 'ya'yansa biyu, ya kalli jirgin, ya share ido da gefen rawani ya ce ƙurar mota ce. Sannan ya fara zagaya shi yana ƙwanƙwasawa. Da ya kai baya ya durƙusa, sai ya miƙe zumbur.

"Kai! Wane marar hankali ne ya huda jirgi?"

Baffa ya zauna a ƙasa don dariya. Baba ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na ji wani sanyi a raina, ashe abin gado ne. Na karɓi matoshin a hannun Baba na ɗaura shi a gaban Kaka, na yi masa bayani dalla-dalla kamar ni na ƙera shi. Da aka ba shi labarin abin da ya faru, ya samo igiyar koma ya ɗaure matoshin a jikin jirgin, ƙulli a kan ƙulli.

"Ba don kogi na ɗaure ba," ya ce. "Don amarya ce."

Ruwan farko ya sauka a makon. Da na koma hutu na shiga jirgin tare da shi, cikinsa a bushe ƙayau, amma ƙwaryar tana nan a ƙarƙashin kujera, wai bai yarda da jirgin da aka haifa da huda ba. Goro yake ajiyewa a ciki yanzu. Na saci kallon ƙafafunsa, sun koma baƙaƙe irin na kowa, tsagar ta rufe.

Har yau in abu ya ɓace a gidanmu, ko cokali ne, sai wani ya ce a duba aljihun 'yar matoshi. Baffa kuma bai sake gayyata ta ciniki ba, ko na albasa.

Abin da na koya? In an aike ki nemo aibu a kayan mutane, ki fara laluba aljihunki tukuna. Ban daina tsince-tsince ba, kada in yi muku ƙarya. Sai dai yanzu in na ga abu yana ƙyalli a ƙasa, nakan tsaya in duba ko akwai wata huda a kusa da ke jiran sa.